Soron kakanmu ba kango ba ne

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan isha'i, saƙon murya ya shigo zauren WhatsApp na danginmu. Ƙanen mahaifina ne, wanda ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana bida a Abijan, bara ya tattaro ya dawo gida. Minti huɗu ya yi yana magana, amma maganar ɗaya ce: da an gama girbi za a rushe soron kakanmu da zaurensa a ƙauye, a tada gidan siminti mai ɗaki huɗu da rufin tol. Har ya sa an fara tara yashi. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Kafin in gama saurare, “Masha Allah” da “Allah ya ƙara buɗi” sun cika waya kamar an yi haihuwa.

Ni kaɗai na ce, “Baba, a yi haƙuri, ban goyi bayan wannan ba.” Amsa ba ta daɗe ba: “Kai ɗan lakwal, mi kas sani? Kana kwance Yamai ƙarƙashin fanka, mu muna nan muna yaɓe duk shekara. Mutane na yi muna dariya, wai muna da ɗiya waje amma muna kwana cikin kango.”

Kango. Tun daren nan kalmar take cina. Kango gidan da mutanensa suka watse ne, rufi ya faɗa, akuya da jemage suka gaje shi. Namu kuwa har gobe ana ɗaura aure a cikinsa. Shi ya sa na kawo maganar nan gabanku, ƴan'uwa matasa, don na san ba danginmu kaɗai ba ne. Duk wanda ke da uba ko kawu a Adar ko ƙasar Konni ya taɓa jin irin wannan saƙo, da yawanmu ma mun aika kuɗin.

Gidan yana wani ƙauye na ƙasar Illela, Illelar tamu ta Sarkin Adar, ba ta bakin iyaka da ke kallon Konni ba. Kakanmu ya gina shi tun kafin ƴancin kai na 1960, lokacin yana fatauci da jakai. In ka zo daga gabas, zankwaye biyu za ka fara hangowa a kan zauren, kamar kunnuwan zomo. Kaurin bango daga tushe ya kai kamu biyu, yana hawa yana sirancewa, don maginin ya san nauyi a ƙasa yake zama. Tubalan da hannu aka mulmula su ɗaya bayan ɗaya, aka shanya, aka jera su a tsaye cikin kwaɓi. In ka shiga ka ɗaga kai, bakan gizo biyu ne suka taso daga bango huɗu suka sarƙe a tsakiya, ba ginshiƙi, ba ƙarfe, ba ƙusa ko ɗaya. Abin da ke riƙe da su azara ce, tsagin giginya da gara ba ta cika ci ba, an jera gajeru-gajeru, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa har hannu biyu na bakan suka gamu. Wanda ya yi wannan lissafin bai taɓa riƙe alli ba. Yau fiye da shekara sittin ke nan rufin bai sunkuya ba.

Bayan zaure akwai shigifa, inda baƙon da aka yarda da shi ke tsayawa. Ba a ɗora ƙofar zaure da ta shigifa a kan layi ɗaya ba, don kada mai wucewa ya hango cikin gida. Sai soron kansa, da matakala ta ƙasa da ke kai ka rufi, inda muke shimfiɗa tabarma lokacin bazara muna ƙirga taurari har barci ya kwashe mu. Can ƙurya rumbuna uku, irin manyan nan na Adar masu ciki kamar tulu, da baƙi ke tsayar da mota a bakin hanyar Tawa don su ɗauki hotonsu.

A zauren nan aka ɗaura auren iyayenmu. A nan ake sasanta manomi da makiyayi kafin magana ta kai gaban hakimi. A nan, lokacin yunwar El Buhari ta 1984, kakarmu ta zauna da tiya tana auna wa maƙwabta abin da ya rage a rumbu na uku. Akwai wani gurbi a bango inda kaka ke ajiye allonsa da fitila, har yau baƙin hayaƙin yana nan. Ban faɗi haka don in sa ku kuka ba. Gida ba ya tsayawa da tausayi, kuma ni ma ban yarda a bar mutane cikin wahala don mu ƴan birni mu samu abin tunawa ba. Hujjata ta fi haka nauyi.

Ku da kuka san watan Afrilu a Konni ko Malbaza, kun san abin da ake nufi da zafi ya wuce digiri 40. Ku shiga ɗakin siminti mai rufin tol da ƙarfe biyu na rana. Tanda ce. Bangon tafin hannu ɗaya ne, rana na dukansa zafi ya ratsa, tol kuma yana zubo wuta daga sama. Bangon ƙasa mai kauri kuwa a hankali yake shan zafi, kafin ya ratsa shi rana ta faɗi, sai ya saki ɗumin cikin dare lokacin da mutane ke kwance a waje. Da ɗari kuma ya riƙe maka ɗumi. Babu kuɗin wuta, babu fanka, babu janareta. A Agustan 2023, da Nijeriya ta yanke mana wuta saboda takunkumi, wa ya fi shan wuya? Mu masu ɗakunan da ba sa zaunuwa sai da kuran. Kuma ku lura da wani abu a ƙauyukanmu: a gina wa tsohuwa ɗakin siminti, a yi masa fenti, a ɗauki hoto a aika Abijan. Da rana ta take, sai ta ja tabarmarta ta koma tsohon ɗakin ƙasa. Sabon ya zama ma'ajiyar kwalla da buhun albasa. Jikinta ya san gaskiyar da bakinmu ke musu.

To in ba don daɗin zama ba ne, don me ake rushewa? Baba ya faɗa da bakinsa: dariyar mutane. Kunya. An dasa mana a ka cewa ƙasa talauci ce, siminti arziki. Wanda ya je bida ya dawo dole ya nuna shaida, kuma shaidar da ido ke gani daga nesa ita ce tol yana ƙyalli. Ba na zagin kowa, na san gumin da aka zubar a Ajame da Tamanrasat kafin a tara kuɗin. Abin da ke min ciwo shi ne a ɗauki gumin nan a sayi ɗakin da ya fi na da zafi, a kira shi ci gaba.

Yanzu ku biyo ni Yama. Ba nisa, cikin wannan ƙasar Illela ce, yankin Badagishiri. A 1962 dattawan garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka ba Falke Barmu aikin, manomi ne kuma magini. Kowa ya ba da nasa: masu yin tubali, masu ɗebo ruwa, masu kawo itace. A 1975 ya koma kansa, ya sake rufin, ya ɗora tulluwa a tsakiya, daga baya ya tada hasumiya a kowace kusurwa, huɗu, ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. Aiki ya kammala a 1982. A 1986 masallacin Yama ya karɓi kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake gogayya a kanta daga ƙasashen musulmi na duniya baki ɗaya. Ɗaliban zanen gini a Turai da Amurka suna nazarin hotunansa. Ni kuwa da aka haifa tafiyar da ba ta kai yini ba daga wurin, na yi firamare, na yi sakandare, na haddace sunayen kogunan Faransa, ba wanda ya taɓa ambata min sunan Falke Barmu a aji. A intanet na tsince shi, cikin turanci, ina ɗan shekara ashirin da biyar. Ku gaya min gaskiya, ku nawa ne kuka taɓa taka Yama? Nawa ne kuka san da ita kafin yau?

Sai Dandaji, ita ma a nan ƙasar. Tsohon masallacin garin na ƙasa ne, kuma an so a rushe shi a tada na siminti, daidai irin shawarar Baba. Masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara ƴar ƙasarmu da Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka kawo wata hanya: a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci babba kusa da shi da tubalin ƙasa da ake matsewa a inji. Aka kira tsofaffin magina suka gyara aikin da suka sani. A 2018 aka gama, aka sa wa wurin suna Hikma, mujallun gine-gine na duniya suka yi ta buga shi. Ba a ce mutane su zauna cikin jiya ba. An ba su sabo ba tare da an kashe tsoho ba. A maƙwabciyarmu Burkina Faso kuma, Francis Kéré ya fara da makarantar ƙasa a ƙauyensu Gando a 2001, a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, kyauta mafi girma a sana'ar. Da ƙasa. Wannan ƙasar dai da muke jin kunya.

Wani zai ce, “To malam, siminti kake gaba da shi? Malbaza fa tamu ce.” A'a. Tun shekarun 1960 ake toya siminti a Malbaza, ƴan'uwanmu na cin abinci a can, kuma gara namu da na waje. Rijiya na son siminti, gada na so, asibiti na so, madatsun ruwan Konni da ke shayar da gonakin rani ba da yaɓe aka yi su ba. Tushen gidan ƙasa ma yana son dutse da siminti. Abin da na ƙi shi ne a maida buhun siminti ma'aunin mutunci. Kuma ga wata ɓarna da ke yaɗuwa da sunan gyara: a shafe bangon ƙasa da siminti wai don ya huta da yaɓe. Ƙasa tana numfashi, tana shan laima tana fitarwa. Siminti ya toshe ta. Ruwa ya samu tsaga ya shiga baya, ba hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye. Shekara kaɗan sai ɓawon ya ɓalle da rabin bango, a taru a ce, “Kun gani ko, ginin ƙasa ba ya ƙarko.” An ba jaki guba, ana zagin jaki da raki.

Amma bari in ba Baba haƙƙinsa, don ba ƙarya ya yi duka ba. Ginin ƙasa yana cin aiki. Damina ta canza, ruwan wata guda yana zuba cikin dare ɗaya. A 2024 ambaliya ta kashe ɗaruruwan mutane a ƙasar nan, gidajen ƙasa da yawa sun faɗi, wasu a kan masu su. A farkon Satumba na shekarar, tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya zube, duk mun ga bidiyon. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Samarin da ke yin gayyar yaɓe suna Libiya da Aljeriya. Kuma matar Baba ta faɗa min abin da ya rufe min baki: “Kai kana zuwa Sallah ka yi kwana biyu ka tahi. Ni ka sharar ƙasar da ke zubowa, ni ka kashe kunama.” Gaskiyarta. Wanda ba shi ke ɗaukar tsintsiya ba ya rage murya.

Sai dai ku duba waɗanne gidaje ne ke faɗuwa. Wanda aka gina a bakin gulbi ko cikin kwari. Wanda ba shi da tushe. Wanda indararonsa ya toshe ruwa ya kwanta a rufi. Wanda aka yi wa bangon tsumma don a rage kuɗi. Wanda aka shekara goma ba a taɓa ba. Magina na da sun san maganin ruwa: makuba daga kwasfar ɗorawa, laso daga katsin marina da gashin jima, indararo mai tsawo da ke jefa ruwa nesa da gindin bango, dakali da ke kare tushe. Na yau sun ƙara da tushen dutse da tubalin inji. Matsalar itace ma an daɗe da samun hanya, tun shekarun 1980 ake koya wa magina a ƙasar nan rufin tulluwa da baka wanda ba ya cin icce ko ɗaya. Hasumiyar Agadas, mita 27 ta ƙasa zalla, ɗaruruwan shekaru tana tsaye saboda ana hawa ana yaɓe ta, har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Kuɗin da za a zuba a ɗaki huɗu na siminti, kaɗan daga cikinsa zai riƙe soronmu shekara da shekaru, ya biya mai yaɓe, ya yi daɓen da zai hutar da matar Baba. Rashin kula ke kada gini, mu kuma mu ɗora wa ƙasa laifi.

Akwai abin da ya fi wannan ƙona min rai. Duk shekara muna tuna 8 ga Mayu 1899, ranar da rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Konni, ta kashe mutane ba adadi, ta ƙona gari. Muna rubutu, muna neman Faransa ta amsa laifinta, kuma daidai ne, ina cikin masu nema. To amma ka tsayar da yaro a kasuwar Konni yau ka ce ya nuna maka inda ganuwar da ta ba garin sunan Birni ta bi. Ka ce ya kai ka gida ɗaya da ya tsira daga zamanin. Voulet kwanaki ya yi ya wuce, bai cika wata uku ba sojojinsa suka harbe shi a ƙasar Tasawa. Shekara ɗari da ashirin da wani abu da suka biyo baya fa, a hannun wa suke? Bature ya zo da bindiga da wuta. Mu muna zuwa da diga da shebur, muna kabbara, muna raba goro. Ba za ka yi ta ihun an sace maka tarihi ba alhali kai kake sayar da ƙasar bangonsa amalanke-amalanke a cike rami.

Hukuma fa? Akwai doka, lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997, kan kare kayan tarihin ƙasa. Tana nan cikin takarda, lafiya lau. Amma ko an tuna da ita, masallaci da fada ake kallo, su ma sai sun fara tsagewa. Gidan bafatake, gidan malami, gidan sarkin noma, zauren mai unguwa, waɗannan ba wanda ya ƙirga su, kuma a cikinsu talakawa suka yi tarihinsu. A Nijeriya, tun 1956 aka sa gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, aikin Babban Gwani, cikin gine-ginen da doka ke karewa. Gidan zama ne a ƙaramin gari, ba masallacin birni ba. Me zai hana magajin garin Illela, da na Konni, da na Malbaza, da na Badagishiri su sa a zagaya a rubuta tsofaffin soraye da zauruka da sunayen maginan da suka rage? Littafi ɗaya ne da babur ɗaya. Me zai hana aji ɗaya na makaranta, ko ɗakin haihuwa ɗaya, a ba maginan gida su yi da ƙasa bisa ƙa'ida, yara su zauna ciki a watan Mayu su faɗi bambanci da bakinsu? Ana kashe abin da ya fi haka a rumfa da kujerun biki ɗaya.

Mu kuma kada mu wanke hannu. Mu ne masu naɗa rawani ran bikin al'adu, mu tsaya gaban bangon ƙasa mu ɗauki hoto mu rubuta “asalina”. Mu ne kuma masu tura kuɗin rushe shi washegari, don kada a ce ba mu yi wa iyaye komai ba. Ni ma na taɓa turawa, shekara uku da suka wuce, aka rushe ɗakin kakata ta wajen uwa. Ko hotonsa ban ɗauka ba. Yanzu in ƴata ta tambaye ni yaya yake, sai dai in zana mata a ƙasa da yatsa. In za ku je gida Sallar nan, ku ɗauki zauren, ku ɗauki rufin daga ciki, ku auna kaurin bango, ku zauna da tsohon magini ku naɗi muryarsa, ku tambaye shi wa ya koya masa. Kuma kafin ku tura kuɗi, ku tambayi me za a rushe.

Na mayar wa Baba amsa ran Lahadi, cikin ladabi, don uba ne. Na ce filin da ke arewa da rumbuna fanko yake, a yi sabon ginin a can, ni ma zan ba da nawa. Amma wani kaso na daban na ɗauka a kaina: yaɓen soro da zaure duk shekara, sabon indararo, tushen dutse, da daɓen ɗakin Inna. Na kira tsohon maginin garinmu, wanda mahaifinsa ya ɗauki kwaɓi a ginin yana saurayi. Ya ce ya leƙa bakan bara, ko gezau bai yi ba, ɓangaren yamma ne kawai ke son hannu. Sai ya yi dariya ya ce, “Ɗana, in za ku yi ku yi da wuri. Mu ukku munka rage garin ga da munka iya ɗaurin baka, ni ne yaro cikinsu.”

Baba bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya ce maganar gida ba a waya ake yin ta ba, in zo in faɗa gaban kowa. Na riga na yanki tikitin mota zuwa Badagishiri. Bayan azahar za a zauna, kuma a zauren za a yi taron, don duk gidan babu wani ɗaki da mutum ashirin za su iya zama ciki a wannan lokacin.